Yabon da ya cinna wa birnin Rum wuta

A cikin wasan kwaikwayon Julius Caesar na William Shakespeare, wanda masu karatu da Faransanci suka sani da Jules César, akwai wani bawan Allah da bai daɗe a dandali ba. Mawaƙi ne, sunansa Sinna. Ya fito daga gida zai tafi jana'izar Kaisar, sai taron jama'a suka tare shi suna jero masa tambayoyi: wane ne shi, ina za shi, ina yake zaune, magidanci ne ko tuzuru. Ya amsa musu ɗaya bayan ɗaya. Da ya faɗi sunansa sai suka far masa, domin cikin waɗanda suka kashe Kaisar akwai mai irin wannan suna. Ya yi ta kururuwa cewa shi mawaƙi ne, ba ruwansa da kisan. Sai wani ya ce in haka ne a kashe shi saboda waƙoƙinsa ba su da daɗi. Haka suka yi kaca-kaca da shi.

Wannan gajeriyar fitowa tana zuwa ne nan take bayan jawabin da ya fi kowane shahara a wasan, wato wanda Antoni ya yi a kan gawar Kaisar. Jawabin ne ake ba ɗalibai su haddace, da shi ake kafa misali in ana koyar da iya magana a gaban jama'a. Mutuwar Sinna kuwa, masu shirya wasan sun daɗe suna tsallake ta.

Wannan tsallakewa kuskure ne babba. Wanda ya haddace jawabin Antoni bai karanta abin da ya biyo baya ba, an ba shi wuƙa ne babu kube. An jera fitowar biyu kusa da juna domin mai kallo ya ga gwanintar baki, sannan ya ga wanda ya biya kuɗinta. Littafin ya fi amfani ga masu saurare a kan masu jawabi, kuma a haka ya kamata a karanta shi, a kuma koyar da shi.

Inda labarin ya samo asali

Shakespeare ya rubuta wasan a 1599. Wani matafiyi ɗan Suwizalan, Thomas Platter, ya rubuta cewa ya kalli wasan Kaisar a Landan ranar 21 ga watan Satumba na wannan shekara. Labarin kuwa daga Fulutak aka ɗebo shi, marubucin nan Bagirke da ya tattara tarihin manyan mutanen Girka da Rum. Shakespeare ya karanta shi a fassarar Ingilishi ta Thomas North ta 1579, wadda ita ma daga fassarar Faransanci ta Jacques Amyot aka yi ta.

A tarihi, an kashe Yuliyus Kaisar ranar 15 ga watan Maris na shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zauren da majalisar dattawa ta taru. Makonni kaɗan kafin nan an ba shi cikakken iko na iya tsawon rayuwarsa. Rum kuwa jamhuriya ce da ta kori sarkinta na ƙarshe sama da shekara 460 kafin wannan rana, kuma kalmar sarki abar ƙyama ce a kunnen Rumawa. Jagororin kisan biyu, Burutus da Kasiyus, sun taɓa yaƙar Kaisar a ɓangaren abokin gabarsa Fompe, ya yi nasara, ya yafe musu, har ya ba su muƙamai. Ke nan tun daga tushe maganar ta haɗa tsoron mulkin mutum ɗaya da cin amanar wanda ya bar maka ranka.

Ƙofar shiga zuciyar mai gaskiya

A cikin wasan, Kasiyus ya san Burutus ba ya sayuwa da kuɗi, ba ya jin barazana. Abin taƙamarsa mutunci ne, don haka ta nan aka shige shi. Kasiyus ya ce zai zame masa madubi ya nuna masa darajar da bai san yana da ita ba. Ya tuna masa kakan kakanninsa, Burutus na farko, wanda ake cewa shi ya kori sarkin Rum na ƙarshe. Sannan ya kawo labarai biyu a kan Kaisar: ranar da ya kusa nutsewa a kogin Tiber sai da Kasiyus ya fito da shi, da ranar da zazzaɓi ya kama shi a Sifaniya yana karkarwa. Babu zalunci ko ɗaya a cikin labaran nan. Hassada ce ta wanda ya ga sa'ansa ya wuce shi. Amma an riga an cika kunnen Burutus da kirari, muryar hassadar ba ta samu wurin shiga ba.

Da Burutus ya juya baya, Kasiyus ya faɗa wa masu kallo abin da ke ransa, cewa ko mai daraja ana iya lanƙwasa shi. A daren ya rubuta wasiƙu da rubutun hannu dabam-dabam, kamar daga talakawa masu yawa suka fito, ya sa aka jefa ta tagar Burutus. Mutum ɗaya ne ya rubuta, amma Burutus ya ɗauka birni ne gaba ɗaya ke kiransa. Dabarar ta girmi intanet da ƙarni huɗu, amma duk wanda ya taɓa ganin saƙo ɗaya yana shigo masa ta lambobi goma a WhatsApp ya san fuskarta.

Sai kuma aka ga Burutus shi kaɗai a lambunsa cikin dare yana tunani. Abin lura shi ne ya fara da hukunci, cewa sai Kaisar ya mutu, sannan ya shiga neman dalili. Ya amsa da bakinsa cewa ba wata ƙullalliya tsakaninsu, kuma bai taɓa ganin son zuciya ya rinjayi hankalin Kaisar ba. Da ya rasa laifin da aka aikata, sai ya koma ga laifin da ƙila za a aikata: in aka naɗa shi sarki, mai yiwuwa ya sauya. Ya kwatanta shi da ƙwan maciji da ya kamata a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Alƙalin da ya rubuta hukunci kafin shaidu su zauna, duk adalcin da aka san shi da shi, a ranar dai ba shari'a ya yi ba.

Duk da haka Shakespeare bai mai da Burutus abin dariya ba. Damuwarsa ta gaske ce. Barci ya ƙaurace masa, har matarsa Forshiya ta durƙusa tana roƙon ya faɗa mata abin da ke cinsa. Tsoron nasa ma ba na banza ba ne, domin Kaisar na cikin wasan yana maganar kansa kamar wanda ya wuce jinsin mutane, kuma wakilan talakawa biyu da suka cire adon da aka yi wa mutum-mutuminsa an rufe musu baki tun a kashi na farko. In Burutus ya yi shiru, ƙila jamhuriya ta mutu yana kallo. In ya ɗaga wuƙa, ya kashe mai ƙaunarsa a kan zato. Gaba kura, baya sayaki.

Inda ya faɗi shi ne yadda ya warware ƙullin. Maimakon ya ɗauki nauyin abin da zai yi da sunansa na gaskiya, sai ya sauya masa suna. Ya nemi abokansa su ɗauki kisan a matsayin hadaya, kada ya yi kama da aikin mahauta. Ya hana a yi rantsuwa, wai masu gaskiya ba sa bukatarta. Ya hana a haɗa da Antoni, wai jinin zai yi yawa a idon jama'a. Kowane mataki an auna shi ne da yadda zai bar hannun Burutus da tsabta. Kasiyus ne ya fara ruɗarsa, amma shi ya ƙarasa aikin da kansa.

Shi ma Kaisar ta irin wannan ƙofa aka shige shi. Matarsa Kalfurniya ta yi mafarkin mutum-mutuminsa yana tsiyayar jini, ta roƙe shi ya zauna gida, har ya yarda. Sai Desiyus, ɗaya daga cikin masu maƙarƙashiyar, ya zo ya juya fassarar mafarkin zuwa alheri, ya ƙara da cewa majalisa ta shirya ba shi kambin sarauta a ranar, kuma in aka ji mafarkin mace ne ya hana shi fitowa za a yi masa dariya. Desiyus ɗin nan tun da farko ya bugi ƙirji cewa ya san lagon Kaisar: a yabe shi da ƙin fadanci, a nan fadancin ya fi kama shi.

Mumbari ɗaya, jawabi biyu

Bayan kisan, Antoni ya zo ya gaisa da makasan hannu da hannu, jinin bai bushe ba, ya nemi alfarmar a bar shi ya yi magana a wajen jana'iza. Kasiyus ya ja Burutus gefe ya gargaɗe shi, bai ji ba. Sharuɗɗa kawai ya gindaya: Antoni ba zai zargi makasan ba, zai sanar cewa da izininsu yake magana, kuma sai bayan Burutus ya gama nasa jawabin. Da ya gama kuwa sai ya yi tafiyarsa, har yana roƙon jama'a su tsaya su saurari Antoni.

Jawabin Burutus a zube aka rubuta shi, gajere, kowace jimla a aune. Hujjarsa ita ce son ƙasa ya rinjayi son aboki, kuma Kaisar na da burin mai da ƴantattu bayi. Bai kawo shaida ko ɗaya a kan wannan buri ba. Mutuncinsa ya ajiye jingina, ya nemi a yarda da shi saboda shi ne. Jama'a suka yarda, suka yi ta sowa. Wani ya ce a gina masa mutum-mutumi, wani ya ce a mai da shi sabon Kaisar, wani ya kawo maganar kambi. A nan gatsen marubucin ya fi kaifi. Mutumin da ya kashe abokinsa don kada a yi sarki, ladan da jama'a suka ga ya dace da shi shi ne sarauta. Sun tafa masa ba tare da sun fahimce shi ba, shi kuma bai lura ba.

Sai Antoni ya hau mumbarin a gaban taron da ke cewa gara da aka rabu da azzalumi. Makaminsa gatse ne. Bahaushe ba baƙon gatse ba ne: yaro ya fasa tulu, uwarsa ta dube shi ta ce sannu da aiki. Kalmomin na yabo ne, ma'anar kuwa mari ce. Haka Antoni ya yi da sharaɗin da aka gindaya masa. An hana shi zargin Burutus, sai ya shiga yabonsa. Zai ambaci wani alheri na Kaisar, ya tuna wa jama'a tuhumar da Burutus ya yi masa, sannan ya sake jaddada mutuncin Burutus. A karon farko yabon ya shiga kunne a matsayin ladabi. Da aka yi ta maimaita shi, kowane karo bayan wata shaida da ke ƙaryata wanda ake yabon, sai kalmar ta yi tsami har ta koma zagi.

Ƙarfin gatse yana cikin aikin da yake ba mai saurare. Mai magana ya ajiye rabin jimla, mai saurare ya ƙarasa ta a zuciyarsa, sai ya ji kamar shi ya gano gaskiyar da kaifin hankalinsa. Abin da mutum ya ɗauka shi ya gano kuwa, da wuya a raba shi da shi. Ga kuma mafaka ga mai maganar, in aka tuhume shi ya ce ai yabo ya yi. Wanda ya bi fitowar a hankali zai ga ba Antoni ne ya fara kiran makasan maciya amana a gaban jama'a ba. Daga cikin taron kalmar ta fito, sai da suka furta ta sannan ya ɗauka.

Hujjojinsa uku ne: kuɗin fansar fursunonin da Kaisar ya kamo sun shiga baitulmali, yana tausayin talakawa har da hawaye, kuma sau uku aka miƙa masa kambi a bainar jama'a ya ƙi karɓa. Ba wanda ya tashi ya ƙaryata ko ɗaya. Sai dai mai kallo ya san abin da ba a faɗa wa taron ba. Kaska, wanda aka yi miƙa kambin a gabansa, ya ba da labarin cewa da kyar Kaisar ya ture shi, kowane karo hannunsa ya fi na baya sanyi. Mai kallo ya kuma ga cewa alkawarin kambi na cikin abin da ya fito da shi daga gida a safiyar. Ƙarya zalla ana iya kama ta, amma gaskiyar da aka yanke wa rabi tana wucewa ta gaban kowa da rawaninta.

Daga nan Antoni ya bar hujja ya koma ga ido da ciki. Ya tsaya ya yi kuka, ya ba taron lokacin gunaguni. Ya zaro takardar wasiyya ya nuna, ya ce ba zai karanta ba don kada ransu ya ɓaci, sai suka dage. Ya sauko ya sa suka kewaye gawar, ya ɗaga alkyabbar da ta jiƙe da jini yana nuna inda wuƙar Kasiyus ta shiga, da ta Kaska, da ta Burutus. Ba wanda ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, alhali ba ya wurin lokacin kisan, domin ɗaya daga cikin makasan ya janye shi waje. Bayan duk wannan sai ya ce shi fa bai iya magana ba, Burutus ne gwanin baki.

Taron ya zabura zai tafi ƙone-ƙone har ya manta da wasiyyar da ya yi ta ihu a kanta. Antoni ne ya kira su ya tuna musu: kowane ɗan birni an bar masa dirhami 75, kuma lambunan Kaisar na bakin kogi sun zama na kowa. Suka kakkarya benci da tagogi don hura wuta, suka nufi gidajen makasan. Da suka watse, Antoni ya faɗi abin da ke ransa, cewa fitina ta tashi, ta nufi duk inda ta ga dama. Wanda ta fara cimma shi ne Sinna. Wannan kuma ba ƙirƙirar Shakespeare ba ce, domin Fulutak ya kawo labarin wani Sinna, abokin Kaisar, da taro ya kashe bisa kuskuren suna.

Bayan an watse

Fitowar da ke biye ta fi ta Sinna sanyin jini. Antoni da Oktabiyus da Lefidus suna zaune suna ɗiga alama a gaban sunayen waɗanda za a kashe. Lefidus ya sallama ɗan'uwansa, Antoni ya sallama ɗan ƴar'uwarsa, kamar masu musayar awaki a kasuwa. Sannan Antoni ya aiki Lefidus ya ɗauko wasiyyar Kaisar don a duba yadda za a rage abin da aka bar wa mutane. Wasiyyar nan ce dai da ya sa talakawa kuka a kanta. Daga baya labari ya zo cewa an kashe ƴan majalisa da dama, ciki har da Sisero, wanda a tarihi aka kashe a watan Disamba na shekara ta 43.

Burutus ma bai tsira da tsabtar da ya yi ta karewa ba. A sansanin yaƙi ya tsare Kasiyus yana zarginsa da cin hanci da sayar da muƙamai. A cikin wannan faɗa kuma yake ƙorafin cewa ya aika wa Kasiyus neman zinariya don biyan sojoji an hana shi, domin shi ba zai iya tatsar talakawa ba. Ma'ana, ba zai taɓa ƙazanta da hannunsa ba, amma zai ci abin da hannun wani ya ɗebo. Da yawan waɗanda ake kira masu gaskiya a kan wannan tsari suke rayuwa.

A Filibi, a shekara ta 42, aka ci su da yaƙi, Kasiyus da Burutus duka suka zaɓi mutuwa a kan kamu. Tarihi ya ƙarasa gatsen da wasan ya fara. Antoni da Oktabiyus suka juya wa juna, Antoni ya mutu a Masar a shekara ta 30, a shekara ta 27 kuma Oktabiyus ya karɓi laƙabin Agustus, ya riƙe Rum shi kaɗai kimanin shekara 40. Wuƙaƙen da aka zaro don ceton jamhuriya su suka gaggauta binne ta.

Masu ja da wannan karatu

Akwai masu cewa ana zaluntar Antoni, tun da abokinsa aka kashe ba shari'a, kuma baki kawai ya rage masa. Gaskiya ne baƙin cikinsa ba na ƙarya ba ne, domin an gan shi shi kaɗai da gawar yana neman gafararta saboda sassaucin da ya nuna wa makasan. Amma a wannan kaɗaicin ne ya hango yaƙin basasar da zai cinye Italiya har da jarirai, kuma bai ja da baya ba. Ya san farashin tun kafin ya hau mumbari. Hawaye na gaskiya ba sa wanke abin da aka yi amfani da su aka aikata.

Wasu kuma na ganin raina talakawa Shakespeare ya yi, ya zana su kamar garken da ke bin duk wanda ya kaɗa sanda. Ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, domin tun a fitowar farko an nuna baduku da kafinta suna murnar nasarar Kaisar, bayan a baya sun yi wa Fompe irinta. Sai dai manyan ma ba su fi su ba. Burutus mai karatun falsafa wasiƙun jabu ne suka ɗauke shi, Kaisar da ya ci ƙasashe fassarar mafarki ce ta kai shi ga wuƙa. Sannan taron bai fara da hauka ba. Dalili suka nema da farko, har wani ya ce zai je ya saurari Kasiyus a zo a gwada hujjarsa da ta Burutus. Sun fito da ma'auni, aka bi da su mataki-mataki har suka ajiye shi. Hakan na iya faruwa da mai digiri kamar yadda yake faruwa da wanda bai taɓa shiga lakwal ba.

Ƙorafi na uku ya fi ƙarfi: gatse makamin marar ƙarfi ne, in aka koya wa mutane tsoronsa an kwance wa talaka ɗamara. Tarihin adabi ya goyi bayan wannan. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da ƴar ƙasida yana ba da shawara, da fuskar mai lissafi, cewa matalautan Ayalan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu a matsayin nama, don ya tona asirin yadda ake cin ƙasar. A 1748 Montesquieu, a littafinsa De l'esprit des lois, ya yi kamar yana kare bautar da baƙar fata, ya jero hujjojin masu cinikin bayi yadda wautarsu za ta fito fili. Bambancin yana ga inda gatsen ke kai mai saurare. Na waɗannan biyu yana tsayar da mutum ya sake tunani a kan abin da ya saba gani, shi kansa ma yana cikin waɗanda ake tuhuma. Na Antoni yana wanke mai saurare tas, ya nuna masa gidan wani, ya hana shi lokacin tunani. Habaici da zambo a ƙasar Hausa su ma fuska biyu gare su: akwai wanda ke sa mai iko ya ji kunya ya gyara, akwai wanda ke tara wa mutum ɗaya jama'a.

Abin da ya rage wa mai saurare

Ba banza ba manyan ƴan Afirka suka riƙe wannan wasa. Sol Plaatje na Afirka ta Kudu ya fassara shi zuwa harshen Setswana, aka buga a 1937 bayan rasuwarsa. Julius Nyerere ya fassara shi zuwa Suwahili, aka buga a 1963 yana shugaban Tanganyika. A kurkukun tsibirin Robben, da fursunoni suka riƙa sa hannu a wani kundin ayyukan Shakespeare, kowa a gefen wurin da ya fi so, Nelson Mandela a cikin wannan wasa ya sa nasa, ranar 16 ga Disamba 1977. Sun gane tambayoyin wasan ba na Rumawa kaɗai ba ne.

A Maraɗi ko Damagaram, Tawa ko Yamai, yawancin magana ta kunne take shiga, daga rediyo, daga fadar matasa, daga saƙon murya a waya. Al'ummar da ke girmama fasahar baki haka tana da arziki, amma a nan ne kuma rauninta yake. Duk wanda ya taɓa ganin an yi ihun ɓarawo a kasuwa, taro ya rufe mutum kafin a tambayi abin da ya sata, ya riga ya ga fitowar Sinna bai buɗe littafi ba. Malaman adabi a lise da jami'a, da ƴan teyatur da suka daɗe suna faɗa wa jama'a gaskiya cikin raha, za su yi aiki mai amfani in suka ɗauki wannan wasa, da sharaɗin kada a tsaya inda aka tafa wa Antoni.

Kowace fitowa a wasan ta bar tambayar da wani ya kasa yi a kan lokaci. Burutus bai tambayi hannu nawa ne suka rubuta wasiƙun da suka shigo ta tagarsa ba. Kaisar bai tambayi dalilin da ya sa fassarar da ta fi masa daɗi ta zo daidai lokacin da ake son ya fita ba. Taron bai nemi shaida daga Burutus ba, bai tambayi Antoni ko yana wurin ba, bai kuma tambayi wanda zai zauna da wasiyyar gobe ba. Babu ɗaya cikin tambayoyin nan da ke bukatar karatu mai zurfi. Abin da suke bukata shi ne mutum ya jinkirta kaɗan a daidai lokacin da jininsa ke tafasa, ya kuma fi tsananta bincike a kan maganar da ta yi masa daɗi, musamman wadda ta yabe shi.

A ƙarshen wasan Antoni ya tsaya a kan gawar Burutus ya yabe shi, ya ce shi kaɗai ne cikin makasan ya yi abin da ya yi don amfanin jama'a. Mai yiwuwa a wannan karon da zuciya ɗaya yake magana. Amma bakin da ya taɓa mai da yabo wuƙa ba a gaskata shi kai tsaye, kuma yabon abokin gaba ba shi da tsada bayan ya mutu. Kaisar ya samu jawabi biyu a jana'izarsa. Burutus ya samu yabo da alkawarin binnewa ta girma irin ta soja. Sinna mawaƙi, wanda ya fito gida don ya raka gawar abokinsa, ba wanda ya sake tuna shi har aka rufe labule.